Auna Kafin Ka Yanka, Ɗaure Kafin Ka Ja

Ƴaƴana maza da mata,

Duk wanda ya tashi a ƙasar Madarunfa ya san motar kara. Da an gama girbi kara ya bushe, sai ka ga yara a gindin bishiya suna ɓare sille, suna yanka totuwa, suna soke ta da ƙaya, kafin la'asar mota ta tsaya da ƙafafunta. Masu ɗan wayo su koma kan waya da gwangwanin madara da murfin kwalba. Wannan hannu gadonmu ne. Abin da ya zo sabo shi ne salula, inda kuka ga mutanen Turai da Amurka da Japan suna shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tasha da gada, jirgi yana jan taragai ɗauke da tankokin yaƙi da motocin soja. Sha'awa ta kama wasunku, kuka ce ku ma sai kun yi, kuma na ji daɗin haka.

Na daɗe ina koyar da zane da aikin hannu, an kuma sha kawo mini irin wannan ƙira in duba. Hannunku yana da kyau. Sai dai kurakuran da nake gani iri ɗaya ne, na wannan yaro shi ne na wancan, kuma duk ana iya kauce musu tun kafin a ɓata kwali da gam. Na zaɓi maganar ɗora motocin soja a kan tarago ne domin a nan aikin mai ƙira yake tonuwa. Mota ita kaɗai tana iya ɓoye aibinta, amma da ka aza ta a kan tarago, ka tsayar da mutum a gefe, ido zai fara gwada wannan da wancan, shi kuwa ido ba ya karɓar uzuri.

Ɗana, fara da awo. Masu wannan sana'a ba sa yanka komai sai sun zaɓi ma'auni guda, sannan duk abin da ke kan teburin ya bi shi. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato 1 cikin 87: kowane tsawo na gaske a raba shi gida 87. Faɗin layin dogo na zamani milimita 1,435 ne, in ka raba sai ka samu 16.5, kuma shi ne daidai faɗin ƙaramin dogon da ake sayarwa. Mutum mai tsawon mita 1.74 ya koma santimita 2, kwantena mai ƙafa 40 ta koma santimita 14. Da wannan ma'auni aka gina Miniatur Wunderland a birnin Hamburg na Jamus, wanda aka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Tankokin roba da ake haɗawa da gam kuwa, irin na kamfanin Tamiya na Japan, galibi 1 cikin 35 ne, wasu kamfanoni kuma suna yin 1 cikin 72. A nan da yawa suke faɗuwa. Tankar 1 cikin 35 ta ninka wadda ta dace da taragon HO sau biyu da rabi. Ta 72 ma ta ɗara da kusan kashi ɗaya cikin biyar. An taɓa kawo mini jirgi, fenti tsaf, taragai a jere, amma sojan da ke tsaye a tasha ya fi kan jirgin tsawo. Duk wanda ya gani sai ya yi dariya, mai aikin ya koma gida rai a ɓace, alhali rula ɗaya da ɗan lissafi sun isa su hana haka.

Shawarata ga wanda zai ƙera komai da hannunsa ita ce ya bar HO tukuna. Ya yi ƙanƙanta ga reza da almakashi. Ɗauki 1 cikin 50, inda lissafin ba ya wahalarwa: kowace mita ɗaya santimita 2 ce. Mutum mai mita 1.70 ya zama santimita 3.4. A-kori-kura mai mita 5 ta zama santimita 10. Tazarar dogo ta zama santimita 2.9. Sami ɗan katako ka yi masa tsaga biyu da wannan tazara, ka riƙa zura shi a kan dogayen kana mannawa, taƙi bayan taƙi, ko da ƙarfen tsohuwar laima ka yi su ko da waya mai kauri. Rubuta ma'aunin a bangon littafinka, kada ka sauya shi a tsakiyar aiki don ka tsinci wasu ƙafafu masu kyau a bola. Ƙafafun da ba su shiga awo ba, ajiye su, wata ƙirar za ta neme su.

Bayan awo sai ka tambayi kanka: wane layi nake kwaikwaya, a wane zamani? Dogon da ya iso Kano a 1911, wanda daga baya ya yi ta kwasar gyaɗa zuwa Ikko, har da ta ƙasar Maraɗi, faɗinsa milimita 1,067 ne. Na Kwatano zuwa Parakou mita ɗaya cif, haka wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso. Na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara kuwa 1,435 ne. Kowane layi da irin taragansa, kowane zamani da irin motocinsa. In ka ɗora tankar Abrams ta Amurka a bayan jirgin gawayi na zamanin dalar gyaɗa, ka haɗa abin da bai taɓa haɗuwa ba, kuma mai sani zai gane tun daga bakin ƙofa.

To, yanzu nauyi. Ƴata, kin san mangalar jaki: in ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba a kai ƙarshen lungu sai ta zame. Haka tarago yake. Abu mai nauyi guda ɗaya a tsakiya yake zama, ba ya karkata dama ko hagu. In biyu ne, kowanne ya zauna kusa da saman ƙafafun da ke ɓangarensa. Sannan ba kowane tarago ke ɗaukar kowane kaya ba. Tankar Sherman ta Yaƙin Duniya na Biyu tan 30 da ɗoriya ce. Tiger ta Jamus ta haura tan 50, sai da shimfiɗaɗɗen tarago mai ƙafa 12 ake ɗaukar ta. Abrams ta yau ta haura tan 60, kuma taragon da sojan Amurka ke ɗora guda biyu a kai shi ma ƙafa 12 gare shi. Saboda haka ka ƙirga ƙafafu kafin ka ɗora. Ɗan tarago mai ƙafa huɗu ɗauke da tankoki uku, ƙarya ce da ko ɗan lodi na tashar mota ba zai yarda da ita ba.

Akwai kuma nauyin samfurin kansa. Taragon kwali ba shi da nauyi, in ka aza masa tankar ƙarfe sai sama ta fi ƙasa, a kwanar farko ya kife. Manna noti ko ɗan ƙarfe a ƙarƙashin bene, tsakanin ƙafafu, ka bar tankar ta zama holoƙo. Ƙungiyar NMRA ta masu wannan sha'awa a Amurka har ƙa'ida ta fitar: a HO, taragon da ya kai santimita 15 ya auna wajen giram 113. Ba sai ka haddace adadin ba, ka dai riƙe cewa nauyi ƙasa yake zama.

Faɗi da tsayi su ma suna da iyaka, domin jirgi yana bi ta ƙarƙashin gada, ta gefen dandamalin tasha, ta kusa da wani jirgin. Jamusawa sun sha wannan wahala da Tiger. Sarƙar ƙafarta ta fagen daga faɗin milimita 725 ce, ta yi wa layi yawa, dole kafin lodi a kwance ta, a cire ƙafafun waje, a ɗaura siririya mai milimita 520, in an sauka a sake mayarwa. Ingila kuma da Sherman ta zo mata daga Amurka, sai aka ga tsayinta ya yi yawa a kan shimfiɗaɗɗen tarago, aka ƙera wani mai kwarin ciki da suke kira Warwell, tankar ta zauna ƙasa-ƙasa. Kai ma yanka kwali siffar ƙofa daidai da ƙarƙashin gadarka, ka tura kowane tarago mai kaya ta ciki kafin ka manna komai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: milimita biyu sun isa su maƙale jirgi a gaban ƴan kallo.

Inda na fi so ku daɗe shi ne ɗauri. Yawancin ƙirar da nake gani, an ɗiga gam a ƙarƙashin mota an danna ta a kan tarago, shi ke nan. Gam ya riƙe, amma ido yana neman abin da ya riƙe ta a zahiri, bai gani ba. Jirgi yana fizga in zai tashi, yana turo kaya gaba in ya taka birki, yana wurga su gefe a kwana. Don haka ake kafa waigi na katako ko na ƙarfe a gaba da bayan ƙafa, a ja sarƙa daga ƙugiyoyin jikin motar zuwa zoben da ke jikin tarago, gaba da baya, sau da yawa a giciye, a ɗame ta har ta miƙe. Sarƙar da ta yi lanƙwasa ba ta riƙe komai ba. Sarƙar da aka rataya a bakin igwa ko a madubi kuwa, ko a gaske ba mai yin haka.

Ga yadda za ki yi, ƴata. Nemi sarƙar wuya ta jabu da ta tsinke, mai ƙananan ido, kowane ido bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Shafa mata baƙin fenti mai ruwa-ruwa don ƙyallin ya mutu. Huda gefen tarago da allura, ki lanƙwasa siririyar waya ta zama zobe, ki soka. Maƙala sarƙar a jikin motar tukuna, ki ja ta da hantsaki zuwa zoben, ki riƙe a ɗame, sannan ki taɓa gam da bakin tsinke. In igiyar ƙarfe kike so, fere wayar cajar da ta mutu, ki murɗa silin jan ƙarfe uku wuri guda. Waigi kuma tsinken ashana ne a yanka shi a karkace. Tamfol takarda ce mai laushi a jiƙa ta da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, a lulluɓa, a bar ta ta faɗa da kanta, a zagaya da zare, a yi fenti bayan ta bushe. Aiki ne mai cin ido da lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku lura kuma, motar da ke kan tarago tafiya take, ba faɗa take ba. Galibi ana juya kan tanka baya a kulle igwar, domin kada dogon bakinta ya yi ta lilo. Ana sauke eriya, a cire ƙaramar bindigar da ke sama, a naɗe madubi, a rufe ƙofofi. Motocin sukan fuskanci gefe guda, saboda daga ƙarshen jerin taragai suke hawowa ɗaya bayan ɗaya, suna taka farantan ƙarfe da aka gitta tsakanin tarago da tarago. Wanda ya cika taragonsa da sojoji suna harbi ta ko'ina, fim ya kwaikwaya.

Za ku ce a ina za mu ga wannan, tunda jirgi bai iso mana ba? Gani ya kori ji, kuma abin gani yana kusa. Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba ta rabuwa da manyan motoci. Tirelar da ke ɗaukar katafila zuwa wurin aikin hanya, dabarar ɗaurinta ita ce ta tanka: ƙafar sarƙa, waigi, sarƙa a giciye, nauyi a tsakiya. Je ka gai da direban ko yaron motar, ka ce masa, “Baba, koyo nake, a ba ni izini in duba.” Yawancinsu za su ji daɗi, har su nuna maka inda sarƙa take cin ƙarfe. Matambayi ba ya ɓata. Awon tankoki da hotunansu kuma suna nan birjik a littattafai da shafukan gidajen tarihi a intanet.

Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne ku nisanci ayarin soja da barikinsu da shingen bincike. Kada ka ɗaga salula ka ɗauki hotonsu, kada ka tsaya kana zana su, kada ka tambayi ina za su ko su nawa ne. Kun san halin da bakin iyakarmu yake ciki da ƴan bindiga. Sojan da ke bakin aiki ba shi da hanyar sanin cewa ƙira ce a ranka, kuma bayanin da za ka yi daga baya ba zai goge daren da iyayenka suka kwana ba barci ba. Kwanson harsashi ko wani ƙarfen da ba ka san kansa ba, in ka gani a daji, kada ka ɗauka don kayan aiki. Bar shi inda yake, ka gaya wa manya.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma a nan ma gaggawa take ɓata aiki. Fentin ƙofa mai sheƙi, in aka lafta shi da kauri, yana cinye duk ƙananan sassan da ka wahala a kansu. Sirka shi, ka shafa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Motar soja ba ta ƙyalli, kuma a ƙasa irin tamu launin rairayi ya fi yawa. Tarago ya girmi kayan da ke kansa, don haka benensa ya yi fari-fari da tabon baƙin mai, gefensa da tsatsa. Tankaɗe jar ƙasa da toka da garin gawayi, ka ɗiba da busasshen buroshi, ka shafa inda ƙura take kwanciya da gaske: ƙafafu, ƙarƙashi, bayan mota. Dubi motar da ta shigo daga ƙauye da hunturu, ita za ta koya maka. Kaɗan ya isa, in ya yi yawa sai ta koma tarkacen gareji.

Ku kula da jikinku. Gwangwanin maganin ƙwari ba abin yankawa ba ne, ko an wanke shi. Kada ku fasa tsohon batir don neman dalma, kada ku narka roba a ɗaki a rufe. Gam mai kamawa nan take ya yi nesa da ido da ƙannenku. In langa-langa mai tsatsa ta yanke ka, wanke da sabulu ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus. Ku kula da aljihunku kuma. Na ga yaron da ya ci bashi ya yi odar tankar roba daga waje, kuɗin aikowa da na duwan suka ɗara kuɗin kayan, da ta iso kuma ba ta shiga ma'aunin taragonsa ba. Wanda ya iya fitar da tanka daga kwali da gwangwani, ranar da kayan kanti suka zo hannunsa ba za su gagare shi ba. Wanda ya fara da na kanti, ranar da babu sai ya zauna.

Akwai wata magana da ta fi awo nauyi. Abin da kuke ƙerawa kayan yaƙi ne, kuma yaƙi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Faransa ta ɗebi kakanninmu soja. Ƴan'uwansu na tsallaken iyaka Ingila ta kai su Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, a runduna ta 81 da ta 82, wasu ba su dawo ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, wataƙila wasunsu ajinku ɗaya. Don haka ka yi ƙirarka da natsuwa, kada ta zama abin tsoratar da ƙananan yara ko na kirarin kisa. Gaskiyar jirgin soja ma tana taimakonka a nan, domin runduna ba ta motsi da tanka kaɗai. Akwai motar asibiti, tankar ruwa, tankar mai, motar abinci, janareto, katafila, kwantena. Jirgin da ya ɗauko waɗannan ya fi kama da na gaske, ya kuma fi koya maka aiki, tunda kowace da irin ɗaurinta.

Kada wani ya ce muku wasan yara kuke. Raba tsawo da ma'auni, karanta zane, daidaita nauyi, sanin inda ƙarfe ke ɗaukar wahala, su ne harsashin aikin mai walda da bakanike da mai zanen gini da injiniya. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka sani da zanen siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, zanen gini ya fara karantawa a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit. A nan kusa kuna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka tsara zai biyo, kuma tsakanin Jibiya da Maraɗi ƙasarmu ce. Duk ranar da ya iso zai nemi masu duba tarago, masu awon kaya, masu ɗauri, masu gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka kada ƙira ta ci lokacin karatu da na salla da aiken iyaye, kada kuma ku ɓoye wa juna dabara. Wanda ya iya dogo ya koya wa mai fenti, wadda ta iya sarƙa ta koya wa mai tarago, ku ja ƙannenku a jiki. Ku fara da tarago ɗaya da mota ɗaya, ku auna su, ku ɗaure su yadda ya kamata, ku kai wa wani tsohon direba ya duba. In ya ce wannan kaya zai kai inda za shi, sai ku ƙera na biyu. Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.